Cokali a Damtse

Mai cokalin ya ce ya naɗe hannun riga, tsoho mai gyaran agogo ya naɗe. Cokalin ya zo masa da ɗumi, yana ƙyalli da zufar mutanen da aka gwada kafin shi, har da wani silin gashi manne a bayansa. Aka danna masa shi a damtse, aka saki. Tsohon ya kau da kai.

Haka masu zanga-zangar suke tare duk mai wucewa a bakin babban titi. Sun ce wanda aka yi wa allurar rigakafin nan an zuba masa maganaɗisu a jini, ƙarfe zai kama shi. In cokali ya faɗi, kai nasu ne. In ya maƙale, sai dai Allah ya kiyaye. Shi kuwa an yi masa allurar, an yi wa matarsa, don ba a barin kowa ya hau jirgi sai da ita.

Cokalin ya sulale ya faɗi a kwalta. Fatarsa ta tsufa, ta bushe, ko zufa ba ta riƙewa.

"Baba namu ne," in ji mai cokalin. Ya ɗauke shi daga ƙasa, bai ko goge ba, ya juya wajen Hajiya, matar tsohon. Ta yi masa irin kallon da take yi wa mai nama in ya taɓa sikeli da yatsa, sai ya wuce wajen na gaba. Wani ya cusa kwali mai sanda a hannun tsohon. An zana sirinji a jiki, an soke shi da jan fenti.

Ba don wannan suka zo garin ba. Akwai wata kalanda da ta tsufa a shagonsa na gyaran agogo, ya ƙi cire ta saboda hoton da ke jiki: ƙasusuwan wani ƙaton kifin teku, an rataye su a rufin gidan tarihin garin nan, mutane a ƙarƙashi kamar tururuwa. Yakan ajiye aiki ya yi ta kallonsu, yana tunanin ko mutum zai iya shimfiɗa tabarma tsakanin haƙarƙarin ya yi barci. Da 'yar autarsu ta samu aiki, ta ce sai Baba ya je ya ga kifinsa. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka hau jirgi don a gai da ƙashi ba, amma ta riga shi haɗa kaya.

Da safe mai karɓar baƙi a otal ta gargaɗe su. Ta ce kada su ɗauki hoto, kada su yi musu da kowa, kada su bi babban titi. In kuma taron ya rutsa da su, kada su yi yunƙurin komawa baya. Su bi inda ake bi, su riƙa matsawa gefe a hankali har su sami lungu su zame. Babban titin suka guje wa, sai shi ya biyo su, ya malalo cikin ƙananan hanyoyi.

Abin da ba su gaya mata ba shi ne fulas ɗin da ke rataye a kafaɗarsa. Hajiya tana da ciwon suga, kuma firjin ɗakinsu mutuwa yake da zarar an zare katin ƙofa daga bango. Don haka duk kwalaben allurarta na tafiyar suna cikin fulas ɗin nan tare da sirinji, an ɗaure su a leda, an lulluɓe da ƙanƙara. Kantin magani kuwa, duk wanda suka wuce a rufe yake, wasu an farfasa musu gilashi.

Suka bi taron. Warin taya da ake ƙonawa ya haɗu da na kwata da na jikin mutane. Ƙasa duk ledojin ruwa da aka tsotse aka yar, suna mannewa a takalmi. Wani a kan mota yana ihu a lasifika, yawunsa yana fesowa kan na kusa, su kuma suna tafi. Tsohon ya ga an ɗaga wata 'yar tsana an soke ta da ƙusoshi tun daga kai har ƙafa, ido ɗaya ya zazzago. Ya so ya tsaya ya duba yadda aka haɗa idon, Hajiya ta ja shi.

"Malam, kalli gabanka. Ba gidan tarihi muke ba."

Muryarta ta yi kauri, leɓunanta sun bushe. Lokacin allurarta ya wuce, ga shi ba ta iya cin komai sai an yi mata. Ya tambaye ta ko tana gani sosai, ta ce tana ganinsa, abin da ya rage kuma ba ta son gani.

A ƙofar wani ƙaramin asibiti taron ya tsaya. An fito da akwatin sanyi an kifar a titi, ƙananan kwalabe sun warwatse, maza suna tattaka su suna rawa, wani ma ya juya baya yana fitsari a jikin allon asibitin. Mai gyaran agogo ya dubi kwalaben. Girmansu ɗaya da na Hajiya, har murfin. Ba wanda zai tsaya karanta rubutun jiki a nan. Ya matse fulas ɗin a hammata, suka fara matsawa gefe kamar yadda aka ce musu.

Sun kusa bakin wani lungu sai wani dogo mai jan ƙyalle a goshi ya kama igiyar fulas ɗin.

"Baba, a taimaka wa 'yan gwagwarmaya da ruwa mana."

Tsohon ya ce ba ruwa ba ne, shayin Hajiya ne, ba suga a ciki, ba zai ji daɗinsa ba. Dogon ya yi dariya ya ce shi ko na maɗaci ne zai sha. Ya girgiza fulas ɗin kusa da kunnensa.

"Yau ga shayi mai ƙara. Hajiya, da tsakuwa kike dafawa?"

Ya sa hannu a murfin, ya fara murɗawa. Hajiya ta riƙe gefen rigar mijinta, bai san ko don tsoro ba ne ko don kada ta faɗi.

A daidai nan idon tsohon ya faɗa kan wani abu can gefe. Wani mai ƙiba, wanda tun ɗazu yake raba wa mutane ruwa daga buhu, ya cire riga saboda zafi, jikinsa sharkaf. Mai cokalin ya zo wucewa, ya manna masa cokalin a damtse da wasa. Cokalin ya zauna daram. Su biyun suka dubi juna suna dariya, ba wanda ya lura. Zufa ce kawai. Kowane mai gyaran agogo ya san yadda ɗan ƙarfe yake manne wa jiƙaƙƙen yatsa.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana magana ƙasa-ƙasa don kada numfashinsa ya hure ƙananan ƙusoshi, shi ne ya ɗaga kwalin nan sama, ya nuna da shi.

"Ga shi can! Ya kama shi! Cokali ya kama shi!"

Bai san yana da murya irin wannan ba. Dogon ya saki fulas ya juya. Kawuna suka juya. Dariyar mai ƙibar ta tsaya a fuskarsa, ya fara rantsuwa, mai cokalin kuwa ya ja da baya kamar bai taɓa ganinsa ba. Abin da tsohon ya gani na ƙarshe shi ne buhun ruwan ya fashe a ƙarƙashin ƙafafu. Ya ja Hajiya suka shige lungu.

Lungun bayan gidajen abinci ne, manyan kwandunan shara jere, ƙudaje sun yi baƙi a kan wani abu da bai so ya gane ba. Suka yi nisa har ihun ya koma kamar rediyon maƙwabta. Ya zaunar da ita a kan dakalin wata rufaffiyar ƙofa, ya jingina kwalin a gabanta ya zama labule. A bayan hoton sirinjin da aka soke ya zuƙo maganin. Shi yake yi mata kullum, don hannunsa ba ya rawa. Yau sai da ya dafe gwiwar hannun a cinyarsa. Ta ciro biskit daga jakarta tana ci a hankali, ba ta dube shi ba.

"Ashe kana da murya," ta ce.

Ya ce da bai yi haka ba da yanzu kwalabenta suna ƙarƙashin takalma. Ta ce ta sani. Shi kuwa ya fi son a ce ta zage shi. Ya tofar da yawu, ya goge damtsensa da gefen riga inda cokalin ya taɓa, ya sake gogewa, wurin bai daina yi masa ƙaiƙayi ba.

Bai gama mayar da kayan ba suka ji jan ƙafa. Mai ƙibar ne, takalmi ɗaya, leɓensa a fashe, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ya zube a ɗaya gefen dakalin yana huci. Da idon da ya rage ya dubi kwalin, ya dubi sirinjin da ke hannun tsohon, ya dubi kwalbar. Ihu ɗaya zai yi, bakin lungun ba nisa.

"Suga ne?" mutumin ya tambaya.

Hajiya ta ce suga ne.

"Irin allurar mahaifiyata ce. Allah ya ƙara sauƙi, Inna." Ya taɓa leɓensa, ya dubi jinin. "Baba, ba ɗan abin sanyi?"

Tsohon ya leƙa fulas. Ƙanƙarar ta narke saura 'yan guntaye suna yawo, ga otal da nisa, ga rana ta take. Abin da ya rage ɗin nan shi ne zai kai maganin masauki da ransa. Ya ɗaga kai ya dubi Hajiya. Ta ci gaba da taunar biskit ɗinta, ta bar shi da abinsa.

Ya tsamo guntun da ya fi girma, ya naɗe a hankicinsa, ya miƙa. Mutumin ya danna a ido yana cije baki. Ya ce wallahi shi ko allurar zazzaɓi ba ya yarda a yi masa, tun asuba yake ɗaukar musu ruwa a kai, kuma bai ga wanda ya nuna shi ba, murya kawai ya ji, wata irin murya kamar ta jaki.

Hajiya ta ce haka ne, ita ma ta ji ta.

Mai gyaran agogo ya murɗa murfin fulas ɗin sosai. Ya tuna kifin yana can rataye, tafiya kaɗan daga nan, sai ya ga ba ya son ganin haƙarƙarin kowa yau. Ya tambayi mutumin hanyar da za ta fitar da su ba tare da sun koma titi ba. Mutumin ya nuna da hannun da ke riƙe da ƙanƙarar, ruwa yana bin gwiwar hannunsa, ya ce su bari ya huta kaɗan ya raka su, don baƙi ba su da tsaro a garin nan yau.

Can ya girgiza kai, ya yi wata 'yar dariya da ta sa leɓen ya sake tsagewa.

"Ka san abin haushin, Baba? Cokalin ma daga gidana aka ɗauko shi."