Ranar da Aka Sallama wa Madu Mota

A layin 'yan atamfa na Kasuwar Litinin, in aka ce wane ya iya ciniki, sai wani ya tambaya ko ya kai Madu. Ba a taɓa samun wanda ya kai shi ba. Shekara talatin yana sayar da zannuwa, amma ba da sayarwa ya yi suna ba, da saye ya yi. Mutum ne mai taya ƙwai, ya taya kuɗin keke-napep, har kuɗin aski ya taɓa tayawa bayan an gama yi masa askin. Matarsa Suwaiba ta daɗe da daina binsa kasuwa saboda kunya. Shi kuwa abin tinƙahonsa ke nan, cewa tun da ya yi wayo bai taɓa biyan abu yadda aka sa masa suna ba.

Dokokinsa sanannu ne, don ba ya gajiya da karanta wa mutane su. Kada ka je sayayya da rigar kirki. Kada ka yabi kaya ko da sun tafi da ranka. Sannan ka je da kuɗi a jikinka, domin dillali in ya ga tsabar kuɗi a kan tebur gwiwarsa sanyi take yi.

Abu ɗaya ne Madu ba ya wasa da shi, maganar ƙanensa Tahir. Tahir na cikin waɗanda bam ya ɗauke a bakin kasuwa, ranar Madu yana Kano saro kaya. Tun daga nan duk inda zancen ya taso sai ya kama zagin mutanen da ke wurin ranar da abin ya faru. Ya ce an ce mai bam ɗin ya zo da tsumma, ciki a kumbure, yana zufa, yana motsa baki, amma a ce duk taron nan babu mai ido? Da shi yana nan, in ji shi, kallo ɗaya zai yi masa ya gane. Ana barinsa ya faɗa, don an san baƙin ciki ne. Abin da ba a gane ba shi ne yadda shi ɗin dai yake hura hanci kullum safiya in 'yan gora masu tsaron ƙofar kasuwa suka ce ya ɗaga riga. Sai ya tsaya yana tambayarsu ko an haifi ubanninsu lokacin da ya kama rumfa.

Maganar mota ta samo asali ne wata asuba da aka ji harbi ta ɓangaren Konduga, unguwarsu Bulabulin ta watse, masu mota suka kwashi iyalansu. Madu a baro ya tura tsohuwarsa, maƙwabta na wuce shi suna yi masa sannu ta taga. Bai manta ba. Da bazara ta zo ya tattara abin da ya tara, naira miliyan uku da rabi, ya ce mota zai saya, kuma ba 'yar Beljiyam da wani Bature ya gaji da ita ba, sabuwa fil da ledarta.

Akwai irinta guda ɗaya a garejin wani Bakano, Alhaji Garzali. Wani ɗan kwangila ne ya sa aka kawo masa, kafin ta iso ya kwashe iyalinsa ya koma Abuja. Madu ya aika a ɓoye aka ji masa kuɗinta, aka ce miliyan uku da dubu ɗari tara. Ya yi dariya a gaban mutanen layinsu, ya ce in bai raba Bakanon nan da motar nan ƙasa da miliyan uku ba, a daina kiransa Madu. Aka shaida. Daga ranar ba motar ce kaɗai a gabansa ba, sunansa ne, kuma duk layin atamfa ya zuba ido.

Shirin ya ɗauke shi kwana huɗu. Ya sa tela ya ɗinka masa 'yar shara mai aljifai ciki da baya, irin wadda fatake ke sawa in za su Kano, sai dai tasa ta fi aljifai. Ya jera ɗaurin 'yan dubu-dubu talatin da biyar, kowanne a gidansa, ya ɗaure da igiya a kwiɓi. A kai ya zura wata tsohuwar jallabiya da ya ɗauko a ƙasan akwati, ya ɗora hular da ta sha jiki, ya sa silifas ɗin banɗaki. Suwaiba ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ita dai bai yi mata kama da mai sayen mota ba. Ya ce to madalla, abin da ake nema ke nan.

Da ƙafa ya tafi, rana tsaka, don kada wani ya gan shi yana sauka daga keke ya ɗauka yana da kuɗin keke. Kafin ya isa zufa ta jiƙa shi sharkaf, 'yar sharar ta kama cizonsa. Mai gadin garejin yana bakin famfo yana alwala, Madu bai ga dalilin jiransa ba, ya sa kai ciki.

Ga ta nan a ƙarƙashin rumfa, ruwan toka, kujeru duk a leda. Gabansa ya faɗi don so. Ya yi maza ya ɗaure fuska, ya wuce ta kamar ya ga tulin yashi, ya shiga ofis.

Alhaji Garzali kakkauran mutum ne mai fara'a, yana zaune gaban fanka da kofin shayi. Ya amsa sallama, ya nuna kujera. Madu ya ƙi zama, domin in ya zauna ɗaurin da ke bayansa za su tokare shi. Daga tsaye ya ce ya ga wata 'yar ƙaramar mota a waje, ko ta sayarwa ce. Alhaji ya faɗi kuɗinta, irin faɗin da ake yi wa wanda aka san ba saye zai yi ba.

Madu ya fara aiki. Ya ce launinta na masu zaman makoki ne. Ya ce ƙasanta ya yi kusa da ƙasa, ramin farko na hanyar Bulabulin zai cire mata ciki. Ya ce mota da ta yi wata shida a rana ai ba sabuwa ba ce, sunan ne kawai. Yana magana yana lissafi a ransa, leɓɓansa na motsi, kamar yadda ya saba. Sannan ya jefa tayin da ya tanada don zagi, wanda ake yi don a ji zafin dillali. Ya ce miliyan biyu da dubu ɗari uku.

Ya jira dariya, ko a ce masa albarka. Ba a yi ko ɗaya ba. Alhaji Garzali ya daina kallon fuskarsa, ƙirjinsa yake kallo. Da wata siririyar murya ya ce a bar shi a uku.

Madu ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Dubu ɗari tara a numfashi ɗaya, shi kansa bai taɓa yin irin wannan ba. Ya ƙara tamke fuska, ya ce shi ba ya maimaita magana. Daidai nan igiyar kwiɓinsa ta dame shi, ya tura hannu ƙarƙashin jallabiya zai gyara ta.

"Na sallama," in ji Alhaji Garzali. "Malam, na sallama maka. Bari in ɗauko takardu."

Ya fita ta ƙofar baya, bai ko tsaya neman takalmi ba. Madu ya tsaya gaban fanka yana jin kansa kamar sarki. Abu ɗaya ne ya ɗan sosa masa rai, da ya sani biyu cif ya ce. Ya fara tsara yadda zai ba da labarin a layin atamfa, inda zai dakata, inda zai kwaikwayi muryar Bakano.

Takardu suka daɗe. Garejin ya yi tsit, har ƙarar keke a titi ta ɗauke. Can ya ji ana magana daga nesa da ƙarfi, ana cewa wanda ke cikin ofis ya fito a hankali, hannu a sama.

Ya leƙa. An tare titi ta kowane gefe. 'Yan gora sun fi ashirin, sun laɓe bayan motoci, sojoji biyu sun durƙusa bayan buhunan yashi, bakin bindiga na kallonsa. Har juyawa ya yi ya duba bayansa, ya ga ko akwai wani a ofishin. Babu kowa sai shi da fanka. Ya sunkuya ya dubi kansa: tsumma, ciki a kumbure, zufa. Jikinsa ya yi sanyi, domin wannan siffar shi ya fi kowa iya zana ta.

Ya fito tsakiyar fili. Aka ce ya cire riga, ya cire. Da 'yar sharar ta bayyana da aljifanta a cike da igiya a gefe, sai ya ji ƙarar ɗana bindiga, ya yi kalmar shahada. Abin da ya cece shi wani daga cikin 'yan gorar ne, Ba'ana, wanda ke tsaron ƙofar kasuwa, wanda kullum yake shan faɗansa. Shi ya ɗaga murya ya ce a dakata, wannan Baba Madu ne na layin atamfa. Duk da haka ba wanda ya matso. Sai da ya zaro ɗaurin kuɗin ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa a ƙasa, jama'a daga nesa suna ƙirgawa tare da shi, har talatin da biyar. Ya rage daga shi sai wando, dattijo mai shekara hamsin da biyar, a tsakiyar rana.

Bayan an watse aka mayar da shi ofis. Alhaji Garzali ya kawo masa ruwa da hannunsa, ya kasa haɗa ido da shi. Ya roƙi Madu ya yafe masa don Allah, ya ce shi ya kira jami'an tsaro, yana da 'ya'ya tara, da ya ga hannu ya shiga riga ya ɗauka tasa ta ƙare.

Madu ya ajiye kofin ruwan.

"Alhaji, abin da ka yi yau," in ji shi, "shi nake ta zagin mutane ba su yi ba ranar da aka kashe ƙanena."

Sannan Alhaji ya jawo takardu, na gaske wannan karon. Ya ce shi ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa, a gidansu in an ce an sallama to an sallama, ko da wuƙa a wuya aka faɗa. Motar ta Madu ce a biyu da ɗari uku.

Ga shi nan dai, tayin da ya fi kowane tayi, ƙasa da abin da ya yi alkawari da dubu ɗari bakwai. Madu ya ɗauki biro. Sai ya hango kansa a cikin motar, da tsohuwa a baya, ana tambayarsa yadda ya yi ya same ta a wannan kuɗin. Ya san amsar. Ba kushen launi ba ne, ba ramin Bulabulin ba ne. Tsoron da mutanen da suka kashe Tahir suka shuka a garin nan ne ya yi masa ciniki, shi kawai ya zo girbi. Ya ajiye biron.

Ya ce uku da rabi zai biya.

Alhaji ya ce albarka. Abin da ya biyo baya, mai gadi ya ce shekararsa sha ɗaya a garejin bai taɓa ganin irinsa ba. Mai saye na hawa, mai sayarwa na sauka. Madu ya ce launin nan ba ya nuna datti. Alhaji ya ce ai ta sha rana, baturin ma sai an canja. Har rantsuwa ya yi cewa da Madu ya zo da babbar riga kamar kowa, a uku da ɗari biyu zai sallama masa, ya ci ribarsa. Amma Madu bai taɓa yarda da rantsuwar dillali ba, kuma ba ranar zai fara ba. Da ƙyar, bayan la'asar, aka tsaya a uku da ɗari huɗu, kowannensu na ganin an cuce shi.

Washegari ya ajiye motar nesa da kasuwa, inda aka yarda a ajiye, ya tako da babbar rigarsa. Labari ya riga shi isowa, tun daga nesa ya hango mutanen layinsu sun fito bakin ƙofa suna jira. Wani ya ɗaga murya ya tambaya nawa aka sallama. Madu ya faɗi gaskiya, har da yadda aka yi. Aka yi dariya sosai, wani ya ce to yanzu da wane suna za a kira shi. Ya ce su zaɓa.

Ba'ana ne a ƙofa. Da ya ga Madu sai ya matsa gefe, ya ce Baba wuce kawai. Madu bai wuce ba. Ya tsaya a layi bayan wata mai tallan gyaɗa, da aka zo kansa ya kama bakin babbar rigar da hannu biyu ya ɗaga har wuya, ya juya ya nuna bayansa, sannan ya shiga.