Waƙar da Madam Abigel Ta Ba Mushe Tanko

"Ki ce masa ya shigo," in ji Madam Abigel. "Amma ɗaura min kallabi tukuna, Ya Gumsu. Ba zai gan ni haka ba."

Na ɗaga ta na jingina da bango. Ba ta kai nauyin buhun busasshen tattasai ba. Wata uku ke nan da aka sallamo ta daga likita, aka ce sai addu'a. Shekara goma sha biyar katanga ɗaya ce tsakaninmu a Diffa, ni ina noman tattasai a bakin kogin Komadugu, ita tana koya wa yaran lakwal, wato makarantar boko, waƙa. Kirista ce daga Dogon Dutsi, ba miji, ba ɗa.

Baƙon nan Mushe Tanko ne; Mushe muke ce wa malaman lakwal maza, daga Faransanci. Da can ƙaramin malami ne a ƙarƙashinta. A ranakun hutu takan bi mu gona, ta rubuta waƙoƙin da muke yi da Kanuri, ta raba su murya uku don yara. A 1998 aka kira malaman waƙa horo a Damagaram. Zazzaɓi ya kwantar da ita, sai ta ba Tanko kayenta, littafin da take rubuta waƙoƙin a ciki, ya kai. Bayan shekara littafi ya fito daga Yamai, waƙa ashirin da biyu, sunansa a bango. Nata babu ko a lungu. Ta rubuta takarda sau huɗu, ba amsa. Shi kuwa aka ɗauke shi Yamai ya zama mai horar da malamai.

Ya durƙusa, turarensa ya cika ɗakin.

"Sannunku, Madam. Sai yanzu na ji."

"Me ya kawo ka Diffa?"

"Horo ne na kwana biyar, malamai talatin, daga Maine har Gigimi. An gaji da tsofaffin waƙoƙin. Na ce ko kuna da wata sabuwa a ajiye."

Na kama tsintsiya in kore shi, don ni abin da ya zo min ke nan. Ita kuwa sai ta yi murmushi.

"Akwai. Ka dawo gobe da hantsi."

Yana fita ta tambaye ni, "Har yanzu bai iya Kanuri ba?"

"Ko gaisuwa."

"To zauna. Ni da karin, ke da kalmomin."

Muka wuni a kai. Biro ya faɗi daga hannunta sau uku. Da na gane inda ta dosa, na dube ta.

"Madam, kina kan hanya. Ba gara ki yafe ba?"

"Fasto ya faɗa min haka shekaranjiya. Na ce masa Allah mai gafara ne, ni ban kai nan ba tukuna. Waƙar uwarki na cikin littafin nan, Ya Gumsu. Kin ga sunanta?"

Baiti na ƙarshe ma, wanda ya fi zafi, ni na kawo shi.

Da ya dawo ta ba shi waƙar, ta ce masa kirarin kogi ne in ya kawo ruwa. Ya yi ta godiya. Kwana huɗu yana koya wa malamai. Rabinsu Kanuri ne, da yawa a hannunta suka koyi waƙa, kuma ba wanda ya ce masa uffan.

Ranar Asabar da safe aka rufe horon a filin lakwal, manyan gari na kan kujeru. Na tsaya bayan rumfa. Mushe Tanko ya fito da kwat, ya ce wannan waƙa shi ya tsinto ta a bakin kogi. Ya ɗaga hannu, murya talatin suka ɗauka da Kanuri:

"Mai kaɗa hannu a gabanmu, bai shuka ba, bai yi ban ruwa ba. Ranar tsinka ya zo da buhu. Ku dube shi da kyau, ɓarawon tattasai."

Mata suka fara, sai dariya ta ci filin duka. Shi kuwa ya ɗauka daɗi suka ji, ya juyo ya rusuna, ya sa aka maimaita. Sai da wani dattijo ya raɗa masa a kunne. Ban taɓa ganin mutum ya rasa inda zai sa hannuwansa kamar ranar ba.

Na dawo da gudu na ba ta labari, ban bar komai ba.

"Ya rusuna?"

"Har sau biyu."

"Murya ta biyu fa, ta shigo a kan lokaci?"

"Ni ina na sani, Madam?"

Ta rufe ido. "Shekara takwas ina jira," ta ce. "Bai ishe ni ba. Amma ba ni ruwa."

Ta sha rabin kofi, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

Ranar Litinin bayan azahar ta cika, kanta a cinyata. Matan majami'a suka zo, muka yi mata wanka tare. Malamai goma sha ɗaya suka fasa tafiya gida don su raka ta. Mushe Tanko tun Lahadi ya shiga motar Damagaram, ko gaisuwa bai aiko ba.

Washegarin jana'iza na hau soro zan shanya tattasai, na leƙa gidanta. Akuyar maƙwabta ta ɗora ƙafafu a kan zogalenta tana ci a hankali, ba mai korar ta.