Kwamfutar da Auta Ta Girka Mini

Ni fa ban ce ina son kwamfuta ba. Autata ce ta kinkimo ta, ta ture kwandon zare da ƙyallaye daga teburin ɗinkina, ta girka ta dab da keke, wai in riƙa duba sabon yayi, in kuma ga jikokina na nesa. Sati guda muna fama da kalmar sirri. Ta rubuta mini a takarda, na ɗauka tsohon awon rigar wata ne na jefar. Ta sake rubutawa, yatsun nan nawa masu sanyin ƙashi suka danna babban harafi inda ake son ƙarami. Sau uku abar tana rufe ni a waje, sai ka ce ɓarauniya a ɗakina.

"Mama, bari in hutar da ke," in ji Auta. "Zan sa miki akawun ɗina. Ki kunna kawai, ba abin da za ta sake tambayarki."

Na sa mata albarka har sai da ta ce ya isa. Abu kuwa ya yi daɗi. In na soma rubuta kalma, kafin in kai rabi ta ƙarasa mini. Har na fara yi wa maƙwabciyata kuri.

Wata huɗu da haka, ina wanka na ji wani ƙullutu a nonona na hagu, kamar ƙwayar wake, ba ya ciwo. Ban gaya wa kowa ba. Auta na ɗauke da cikin wata bakwai, ƙafafu a kumbure, ga aikin ofis. Ni ce zan ɗora mata wani kaya? Sai na koma tambayar kwamfuta. Da hantsi, in masu kawo ɗinki sun ɗauke ƙafa, in tura ƙofa in rubuta abin da bakina ya kasa faɗa. Ina karantawa ina ƙara tsorata, gobe kuma in sake.

Ran wata Talata, ina tsakar yanka hannun riga, sai ga Auta da katin aiki rataye a wuya. Ba ta ko zauna ba.

"Mama, ɗauko mayafinki. Asibiti za mu."

"Wa ya ce miki ba ni da lafiya?"

Ta sunkuyar da kai. "Akawun ɗaya ne, Mama. Duk abin da kika nema a nan, yana fitowa a wayata. Kayan jarirai na je dubawa, sai na gani."

Wallahi raina ya ɓaci. Kunya ta rufe ni, har na ajiye almakashin. Ashe duk rufe ƙofar da nake yi, a banza.

"To, leƙen asirina kike yi ke nan? Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Laifina ne. Ya kamata tun ranar farko in gaya miki haka abin yake, ni ma ban kawo shi a raina ba."

"Tun yaushe kika gani?"

"Yau kwana tara." Ta ɗago kai. "Kullum in na kira ki, sai in ce yau za ki faɗa mini. Sai ki ce lafiya lau, ki hau tambayata ƙafata."

Kwana tara yarinyar nan na haɗiye abin da na ce ina kare ta daga gare shi. Na ɗauko mayafin.

Likita ta duba, aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama za a auna. Ta ce mun kyauta da ba mu ƙara jinkiri ba. A hanyar dawowa hannun Auta na cikin nawa har gida. Har yau in na tuna, godiya nake yi wa Allah da Ya ba ni 'ya mai taurin kai irin nawa.

Washegari ta zo ta raba mana akawun. Ta sa ni na zaɓi kalmar sirri da kaina, ta juya baya ina dannawa.

"Yanzu ba na ganin komai naki, Mama. Sai dai za ki sha wahalar shiga."

Na kuwa sha. Harafi goma sha biyu, da yatsa ɗaya, ina yi ina tsaki.

Ranar Alhamis saƙon asibiti ya shigo akwatina na kwamfuta: sakamako ya fito, in zo Litinin ƙarfe tara. Ni kaɗai na gani. Na daɗe zaune gaban allon, na san in na ga dama zan iya tafiya ni kaɗai, ba wanda zai sani. Sai na jawo waya.

"Auta, sakamako ya fito. Tsoro nake ji. Ki zo ki raka ni."