Tambayar da Lemuel Pettway Ya Yi Ranar Suyar Kifi

Shekara talatin da ɗaya Lemuel Pettway ya yi yana tuƙa bas a Baltimore, kuma kusan duk tsawon shekarun nan shi ke riƙe da makullin motar cocinmu. Ranar zaɓe tun da sassafe yake bin gida-gida yana kwasar tsofaffi zuwa rumfa. Bai taɓa tambayar kowa wa zai zaɓa ba, don babu abin tambaya. A unguwarmu ta baƙar fata jam'iyya ɗaya muka sani, Dimokurat, da ita muka buɗe ido muka ga iyayenmu.

Da ya yi ritaya, matarsa Ernestine kuma ta rasu, zaman gida ya gundure shi. Sai ya roƙi Fasto Whitlow ɗaki ɗaya a coci, ya fara koya wa mazan unguwa yadda za su ci jarrabawar lasisin manyan motoci. Mutum goma sha huɗu suka zo. A mako na biyu ya gane tara daga cikinsu ba sa iya karanta littafin jarrabawar. Manya ne masu gemu, wasu har da 'ya'ya, kuma kowannensu na da takardar gama sakandare daga makarantar bayan layinmu.

Ni, Verlene, ni nake dafa musu kofi, shi ya sa na ga yadda abin ya fara cin sa. Ya je makarantar, aka ce masa ai an daina hana yaro wucewa aji, wai kada a karya masa gwiwa. Ya je wajen taron hukumar makarantu sau uku, aka ba shi takardu masu launi ɗauke da sunayen sababbin shirye-shirye. Ya dawo ya zube min su a kan tebur.

"Duba nan, Verlene. Kowane shiri da ofishinsa da shugabansa da motarsa. Mutanena kuwa har yanzu da yatsa suke bin layi."

Ranar Juma'ar da zaɓe ya rage kwana goma sha ɗaya muka yi suyar kifi a harabar coci, kamar yadda muka saba. Ɗan takarar majalisar birni ya zo da la'asar, ya ci kifi da burodin masara, ya rungumi tsofaffi, ya ce ko akwai mai tambaya. Ba a saba yi ba. Sai ga Lemuel ya miƙe, hularsa a hannu.

"Ɗana, tun ina matashi jam'iyyarku ke riƙe da garin nan, kuma da motata na kai muku ƙuri'u. Ina da mutum tara da makarantarku ta ba takarda ba su iya karatu ba. Wa zan tambaya?"

Ɗan takarar ya yi murmushi ya ce matsalar tana da dogon tushe, wariyar launin fata ce ta haife ta.

"Na san wariya," in ji Lemuel. "A jihar Jojiya aka haife ni, na sha ruwa a famfon da aka ware mana mu baƙar fata. Amma uwata aji huɗu ta yi a makarantar katako, kuma tana karanta Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango. Ku bar iyaye su kai 'ya'yansu makarantar da suka ga dama, ku gani ko ɗaya zai zauna a taku. Wanda ya san ƙuri'arka tana aljihunsa ba zai tuna da kai ba sai ranar kifi. Bana ni dai ba zan zaɓe ku ba."

Can wani daga baya ya ce, "Dattijo, yaushe ka zama karen farautar Turawa?" Aka yi dariya, har da masu tafi. Ƙanwarsa Ozella ta ajiye ludayi ta tako har gabansa.

"Yaya, ka manta haƙoran Baba? Huɗu aka zubar masa a ƙofar kotu don ya je rajistar zaɓe. Yau kai za ka kai ƙuri'arsa ga waccan jam'iyyar?"

"Baba ya sha duka ne don in zaɓa da kaina, Ozella. Da an ce masa dole abu ɗaya zan yi ta dangwalawa har in mutu, da bai je ba."

Ta juya ta bar shi tsaye. Ranar Lahadi Fasto ya karɓi makullin mota, ya ce don a zauna lafiya ne. Daga nan aka fara gaishe shi daga nesa. Masu zuwa karatu suka ragu zuwa biyar, don matansu sun ce kada a gan su tare da shi. Ozella, wadda tun rasuwar Ernestine take kai masa abinci kowace Laraba, ta daina. Ni ma ban wanke kaina ba. Na ci gaba da dafa kofin, amma sai in ajiye in fita tun bai iso ba.

Aka yi zaɓe, ɗan takararmu ya ci kamar kullum. Lahadin da ta biyo Lemuel ya zo coci cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya zauna a bencinsa na uku, bencin da da sai an matsa wa juna. Shi kaɗai ne a kai daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da aka ce a gaisa da na kusa, ya miƙe ya waiwaya hagu da dama, sannan ya koma ya zauna.

Bayan an tashi na bi shi wajen ajiye motoci, sai da na tabbatar ba mai kallona.

"Na ji 'yan ɗaya jam'iyyar sun gayyace ka cin abinci," na ce.

"Sun gayyace ni. Can bayan gari, cikin manyan gidaje." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Baƙar fata biyu ne a zauren, ni da mai raba ruwa. Sun tafa min sosai. Kowa na son hoto da ni. Suka ce in maimaita abin da na faɗa wa ɗan takarar, na maimaita. Da na ce ina neman mutum biyu da za su riƙa zuwa ranar Asabar su taya ni koya wa mutanena karatu, sai kowa ya tuna da kofinsa. Wata ta ce za su kira ni."

"Sun kira?"

"Sun aiko min da hoton."

Jikata tana aji shida a makarantar nan ta bayan layinmu, kuma ni na san yadda take kame-kame in na miƙa mata takardar magani ta karanta min. Na rage murya.

"Dattijo, abin da ka faɗa gaskiya ne. Ba ni kaɗai na san haka ba, muna da yawa. Amma don Allah kada ka ce ni na ce."

Ya juyo ya dube ni.

"To ki zo ki zauna a bencina Lahadi mai zuwa. Ba sai kin ce komai ba."

"Haba Dattijo, so kake a cinye ni ɗanya? A nan zan tsufa, a nan za a binne ni."

"Ni ma haka," ya ce.

Daidai nan Ozella ta fito da wasu mata. Na yi sauri na buɗe jakata kamar ina neman wani abu. Lemuel ya ɗaga mata hannu, ta kau da kai ta ci gaba da hirarta. Ya ɗan ƙara tsayawa ko za ta waiwayo, sannan ya shiga motarsa ya ja a hankali ya fita.