Saifar Mariatu

Mariatu tana sayar da wagashi, cukun madarar shanu, a Kasuwar Malam Atta tun 'yarta Zakiya tana goye. Wani makiyayi, Iddrisu, shi yake aiko mata da madara daga bayan garin Ashaiman, ita kuma sai ta kurɓi ɗanya ta ji ko ta fara tsami kafin ta ɗora tukunya.

Zazzaɓin ya fara ne bayan Babbar Sallah. Da safe garau take, la'asar na yi sai sanyi ya kama ta, gumi ya jiƙe mata zane. A kemis ɗin unguwar Nima aka ce maleriya ce. A ƙaramin asibitin unguwa aka ce taifot. Ta shanye magani, ta samu sauƙi, ciwon ya dawo, har da suka a ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu. Da ta rame, maƙwabta suka fara maganar sammu. Kowa ya faɗi nasa sai ta ji kamar shi ne mai gaskiya.

Zakiya ta kai ta babban asibiti, aka yi hoton ciki. Likitan ba ya jin Hausa, Zakiya ce take fassarawa.

"Mma, ya ce ƙurji ne a saifarki, da mugunya a ciki."

Mariatu ta san saifa a teburin mahauci, cikin kayan ciki. Ba ta taɓa tunanin tana da ita ba.

Aka gwada tarin fuka, babu. Aka ɗebi jini aka ce a jira. Da suka koma, likitan ya yi wata tambaya.

"Wai kina kiwon shanu?"

"A unguwarmu ta Maamobi? Ina zan ɗaure su, a kan gwata?"

Da ya ji sana'arta, da kurɓar da take yi, sai ya sa aka sake wani gwajin. Ya ce ƙwayar cuta ce ta shanu mai bin ɗanyar madara, kuma da wuya ta taru a saifa. Aka zuƙe mugunyar da doguwar allura, aka ɗora ta kan magani iri biyu na wata da watanni. In ƙurjin bai motse ba, sai an cire saifar.

"In an cire, da me zan zauna?"

Zakiya ta tambaya, ta saurara, ta ce, "Wai ana rayuwa ba ita."

"To me take yi mini tun da?"

Washegari fitsarinta ya koma ja. Ta ɗauka ƙurjin ne ya fashe, ta fara yi wa Zakiya wasiyya, sai da nas ta ce aikin maganin ne.

A hankali zazzaɓin ya daina zuwa. Hoton ƙarshe ya nuna ƙurjin ya kusa ɓacewa, aka bar mata saifarta.

Ta kira Iddrisu a waya ta yi masa bayani iya fahimtarta. Ya ce shanunsa suna ta ɓari tun damina, shi ya ɗauka ciyawa ce. Ta ce likita ya ce a nemi likitan dabbobi.

"Hajiya," in ji shi, "zazzaɓin nan, da yamma yake zuwa?"

"Da yamma."

"Matata ma haka take yi."

"Kawo ta ranar Litinin, Zakiya za ta raka ku."