Ranar da Na Toshe Bakin Shugaban Kulob

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina zama a kujera ta goma sha bakwai, layi na biyu, daidai bayan rumfar 'yan wasanmu, kuma ban taɓa yarda cewa safa ko rigar sanyi tana sa a ci wasa ba. Lissafi na koyar a sakandaren Marina di Rovedo har na yi ritaya. Abin da na yarda da shi shi ne littafina, inda nake rubuta kowane jifa da kowane duka na kulob ɗinmu na besbol, Kaguwar Rovedo. Ƙawata Nives, mai kujera ta goma sha takwas, tela ce, ita kuwa babu camfin da ba ta riƙe ba. In muka ci wasa ranar da ta sa jan takalmi, to takalmin nan ya shiga uku, ba shi da hutu sai an doke mu.

Kakar bana da sabon shugaba muka fara ta. Lamberto Guidazzi, mai masana'antar tayil, ya sayi kulob ɗin a watan Maris, kuma duk gari ya san na ƙwallon ƙafa ya so saya, aka hana shi. Cikin wata biyu ya mai da jar rigarmu ruwan toka, kalar tayil ɗin banɗaki sak. Ya ɗauko wani masani daga Milano mai yawo da kwamfuta, masanin ya kafa dokoki biyu: kada mai jifa ya wuce jifa casa'in a wasa ɗaya, kuma hannun da ya haura shekara talatin da biyar ya gama amfani. Jarida ta buga, rediyo ya maimaita, kafin Yuni har mai sayar da kifi yana faɗa min kamar shi ya gano.

Ermete Zavatta, mai jifanmu, shekararsa talatin da tara. Ɗalibina ne, kuma har ya bar makaranta bai iya raba lamba ba, amma shekara goma sha tara yana tsaye a kan tudun mai jifa saboda mu. Jifansa ya rage sauri, wannan gaskiya ne. Sai dai ƙwallonsa takan taho a hankali kamar za ta tsaya ku gaisa, kana ɗaga sanda sai ta sulale ƙasa. Wasiƙa uku na aika wa shugaba, kowace da alƙaluma, ina nuna masa cewa masu duka sun fi shan wahalar Ermete bana a kan bara. Amsar da na samu ita ce kalandar kamfanin tayil.

A watan Agusta aka sanar. Lahadin ƙarshe, wasanmu da Castelvaro, shi ne na ƙarshe ga Ermete. Da ya cika jifa casa'in za a tsai da wasa, a ba shi agogon hannu, a ɗauki hoto, a sallame shi.

Ranar muka zo da wuri. Rana tana dukan kai, iska tana tasowa daga teku. Nives ta zo da jan takalminta, ni na sayi piadina biyu, irin gurasar nan da ake naɗewa da cuku da ganye, a bakin ƙofa, na ci ɗaya, na ajiye ɗaya a cinya.

Zagaye na farko, masu dukan Castelvaro uku suka zo, ukun suka koma ba tare da sun doke shi ba. Na biyu ma haka. A na uku Ermete ya yi wa wani jifa huɗu a karkace, alƙali ya ba shi tashar gudu ta farko kyauta, amma a nan ya bushe. A na huɗu muka ci ɗaya. Zuwa na biyar sai na ji filin ya canja. Masu ganga sun rage duka. Mutane suna kallon allon sakamako ta wutsiyar ido, suna kau da kai da sauri kamar sun ga abin kunya. A layin Castelvaro, inda ake rubuta dukan da ya kai mutum tasha, sifiri ne.

Al'adar kuwa kowa ya san ta. In mai jifa ya kama hanyar gama wasa ba tare da an yi masa duka ko ɗaya ba, ba a faɗa. Ba a nuna allo da yatsa. Kowa ya ci gaba da abin da yake yi, a inda yake. Abokan wasansa ma sai su dare su bar shi shi kaɗai a ƙarshen benci. Na taɓa karya ta sau ɗaya, shekara ashirin da shida da suka wuce. Na faɗa da ƙarfi a zagaye na takwas, mai duka na gaba ya aika ƙwallon har wajen ajiye motoci. Na yi wa mutane bayani da takarda da biro cewa dama a yawancin irin wasannin nan ana yin dukan kafin ƙarshe, a faɗa ko kada a faɗa. Nives ta yi wata biyu ba ta gaishe ni, ta kuma ɗinka min siket ɗin da bai shige ni ba.

A zagaye na shida na yunƙura zan tashi.

"Ina za ki?" in ji Nives, idonta na kan fili.

"Banɗaki."

"Ba inda za ki."

"Nives, shekarata saba'in da huɗu, kofi biyu na sha."

"Ko tulu kika sha. Zauna, Ottavia. Mayar da ƙafarki yadda take, ta hagu ce a sama."

"Wai ke a ganinki mafitsarata ce ke riƙe da hannun Ermete?"

"Ni ban ce komai ba. Ke ma kada ki ce komai, tsohuwar mai baƙin baki."

Na zauna, don ta riƙe min gefen riga da hannun da ya shekara hamsin yana riƙe almakashi.

Ƙarshen zagaye na bakwai na duba littafi: jifa tamanin da takwas. Sai ga shugaba yana saukowa daga ɗakinsa na sama, cikin kwat fari, da ɗan akwatin agogo a hannu, mai hoto na biye da shi. Matakalar ta gefen kujerata take bi. Ya tsaya daidai kaina, ya leƙa rumfa, ya ga Ermete zaune shi kaɗai da tawul a wuya, sauran duk sun cure a ɗaya gefen.

"Kin gani ko, Malama?" ya ce da ni. "Ke ce mai wasiƙu, ai na gane ki. Dubi, ko 'yan'uwansa ba sa son zama kusa da shi. Wannan ba a kwamfuta na gani ba, da idona nake gani."

Nives ta yi wani ƙara kamar an taka mage.

Ya duƙa ya kira koci. "Tarcisio! Jifa biyu ya rage, ka shirya yaron da zai canje shi. Magajin gari zai tafi ƙarfe biyar."

Tarcisio, wanda ya fara koci tun shugaban nan yana sa gajeren wando, ya ɗago kai yana zufa. "Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba."

"Saboda me?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ka iya faɗa ba? Ni fa nake da kulob ɗin!"

"Na sani, ranka ya daɗe. Kore ni gobe. Yau dai ba zan iya faɗa ba."

Shugaba ya juya ya dubi layinmu, mutum wajen talatin, kowa ya sunkuyar da kai. Wani tsoho ya shiga karanta bayan tikitinsa. Sai ya ɗaga kai yana neman agogon da ke kan allo, idonsa ya sauka a kan sifirin nan. Na ga goshinsa ya tattare. Na san fuskar, shekara talatin da takwas ina ganinta a aji, fuskar ɗalibin da amsa ta zo masa a makare kuma dole sai kowa ya ji.

"Kai!" ya ce da ƙarfi. "Ashe tun da aka fara babu wanda ya..."

Har yau ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ga hannuna ya tura piadina, da cukunta da ganyenta, cikin bakin Lamberto Guidazzi har rabi. Cuku ya ɗiga a farin kwat. Mai hoto, Allah ya yi masa albarka, ya ɗauka.

"Tauna," na ce. "Tauna, ɗana, kada ka yi magana da abinci a baki."

"Kin tashi!" Nives ta ce cikin raɗa mai kama da ihu. "Ya Maryamu, kin tashi! Koma! Shi kuma kada ya motsa, a nan ya tsaya, a nan zai ƙare."

Maza biyu daga layin baya suka dafa kafaɗunsa, cikin ladabi, suka zaunar da shi a kan matakala. Ya haɗiye da ƙyar, ido ya yi ja.

"Malama, kin san abin da kika yi kuwa? Zan iya hana ki shiga filin nan har abada."

"Za ka iya. Amma bari in nuna maka wani abu, kuma ka riƙe bakinka."

Na buɗe littafi a gwiwarsa. Nives ta ce rubutawa ma faɗa ce, na ce ai ba sabon rubutu zan yi ba. Na bi layin da yatsa, zagaye bakwai, sifiri bakwai. Sannan na buɗe shafin ƙarshe, inda na jera duk wasannin da aka gama haka a filin nan tun da na fara zuwa. Guda biyu ne, na ƙarshen tun kafin a haifi mai kwamfutarsa. Ya dubi shafin, ya dubi Ermete da ke tafiya zuwa tudu a hankali kamar mai zuwa sayen burodi.

"To su 'yan'uwansa da suka guje shi..."

"Shhh!" in ji layi uku a tare.

Jifa na casa'in ya wuce, Tarcisio bai ko kalli sama ba. A zagaye na takwas mai duka na farko ya ɗaga ƙwallo sama aka cafe. Na biyu ya kai wa iska sanda sau uku, har hularsa ta faɗi. Na uku ya buga ta da ƙarfi a ƙasa, mai tsaron tasha ta uku ya yi nutso a ƙura, ya jefa daga durƙushe, aka riga mai gudu da taku ɗaya. Wani abu ya damƙe min hannu. Na duba, shugaba ne.

"Malama," ya raɗa, "in na gyara zama fa? Ƙafata ta mutu."

"Ni a ilimina, babu abin da zai faru."

"Ka motsa in huda ka da allura," in ji Nives.

Bai motsa ba. Magajin gari ma, da aka ce zai tafi ƙarfe biyar, na hango shi a sama tsaye da ƙafa ɗaya a kan matakala, matarsa ta riƙe masa bel.

Zagaye na tara, na ƙarshe. Hannun Ermete ya gaji, ni na sani, don gwiwar hannunsa ta fara sauka. Na farko ya fita. Na biyu ya samu tasha kyauta. Na uku ya fita. Saura ɗaya, kuma babban mai dukansu ne, wani ƙato da wuyansa ya fi cinyata. Jifa na ɗari da goma sha tara, ya kai sanda ya kuskure. Na ɗari da ashirin, alƙali ya ce ya kauce. Na ɗari da ashirin da ɗaya ya same ta sosai. Ƙarar ta shiga min har haƙori. Ƙwallon ta tashi ta nufi katangar dama, mutum dubu biyu suka ja numfashi, sai iskar teku ta tare ta, ta tsaya tana shawara a sama, ta sauko cikin safar hannun mai tsaron dama, bayansa manne da katanga.

Abin da ya biyo baya ban rubuta shi a littafi ba, don biro ya tashi sama ban sake ganinsa ba. Nives ta cire jan takalmi ɗaya tana sumbatarsa. Tarcisio yana kuka kamar an yaye shi. Shugaba yana tsalle da matacciyar ƙafarsa yana ihu, "Yanzu a faɗa? Malama, yanzu an yarda a faɗa?"

"Faɗi, ɗana!"

"Babu wanda ya doke shi! Ko ɗaya!"

Aka miƙo masa makirufo a tsakiyar fili, akwatin agogo na hannunsa, cuku na ƙirjinsa. Ermete ya cire hula ya tsaya yana jiran sallama. Shugaba ya buɗe akwatin, ya karanta abin da aka zana a bayan agogon, ya rufe, ya cusa shi a aljihu.

"An yi kuskuren shekara a jikin agogon nan," ya ce. "Sai baɗi a gyara. Ko baɗin baɗaɗa. Zavatta, ranar Litinin ka zo ofis ka sa hannu."

Ermete ya zo bakin raga yana haki. "Malama, nawa na jefa?"

"Ɗari da ashirin da ɗaya."

"Na wuce da nawa ke nan?"

"Cire casa'in mana."

Ya ƙirga da yatsu. "Arba'in da ɗaya?"

"Je ka sa wa hannunka ƙanƙara, Ermete."

Nives ta ce piadina ce ta yi aikin, kuma baɗi dole shugaba ya zauna a matakalar nan kowace Lahadi in ba shi a baki, shi ma ya amince. Na fara yi musu bayanin cewa iskar teku takan ƙarfafa bayan ƙarfe biyar, duk wanda ya duba littafina zai gani, sai na tuna da kofi biyun nan. Na miƙa wa shugaba littafin ya riƙe min, na ce kowa ya ba ni hanya.