Kunnen Mai Guduma

Shekara talatin Baba ya yi a tashar jirgin ƙasa yana aiki guda: ya bi taragan kaya da 'yar gudumarsa yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu. Lafiyayyar ƙafa takan amsa tangaran kamar ƙararrawa. Mai tsagewa kuwa ɗif take cewa, sai ya ja mata alama da alli a fitar da taragon daga aiki. Har yau Mai Guduma ake ce masa, ko da yake jirgi ya daina zuwa tun Auta, 'yarsa, tana firamare.

Taragai goma sha ɗaya suka rage a tsohon layin bayan tasha, tsatsa ta ci, ciyawa ta rufe. Ranar da ya ga motar masu yankan ƙarfe ta nufi can, ko hula bai tsaya sawa ba. Auta ta bi shi. Kowa a gidan ya san kunnen Baba ya tafi, ban da Baba, wanda ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.

"Lafiyarsu ƙalau!" ya daka wa ogan masu yankan tsawa. "Ni na duba su da hannuna."

Ogan mutum ne mai kunya. Ya sunkuyo, ya ɗaga murya. "To Baba, gwada. Wanda ya yi ƙara zan bar shi, in koma ofis in yi magana."

Baba ya durƙusa da ƙyar, ya buga ƙafar farko. Ta amsa tangaran, har tattabaru suka tashi. Ya kasa kunne, ya sake bugawa. Sai ya laluba aljihu ya ciro alli, ya ja mata alama.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, suna ƙara, yana ja musu alama. Ogan ya dubi Auta. Kalma ɗaya za ta faɗa taragan su tsira, amma a gaban ƙattin nan za ta gaya wa mahaifinta ya kurmance? Ta girgiza kai, tausayinsa ya cika ta.

Suna tafe gida, an riga an kunna wutar yanka a bayansu, Baba ya share ido da bakin riga.

"Ashe sun daɗe da mutuwa, Auta. Gara da na zo da kaina. Kunnen nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Haka ne, Baba," ta ce da ƙarfi, don ya ji.